Iridiyam, filatinam ko sinadari marar ƙarfe: wanne ya dace da allon OLED?

Duk mai son ƙera allon OLED, wato irin allon waya ko talabijin da kowane ɗigonsa ke fitar da haske da kansa, haka ma ɗalibin kimiyyar sinadarai da ke neman fannin da zai zuba ƙarfinsa a ciki, sai ya fara tsayawa a kan tambaya ɗaya: wane sinadari za a ɗora wa aikin mayar da wutar lantarki haske a cikin kowane ɗigo na allon? Amsoshin da ake da su a yau sun kasu gida huɗu. Akwai tsofaffin sinadarai masu hasken fuloresens, akwai haɗe-haɗen ƙarafa masu nauyi irin su iridiyam da filatinam waɗanda ke ba da hasken fosforesens, akwai sinadaran da ake kira TADF, masu sakin haske da ɗan jinkiri da taimakon ɗumi, waɗanda ba su ɗauke da ƙarfe ko kaɗan, sannan akwai tsarin haɗaka inda ake sa biyu daga cikinsu su yi aiki tare. A ganina kuskure ne a nemi gwarzo guda ɗaya a cikinsu, domin abin da ya dace da ja da kore bai dace da shuɗi ba, kuma ma'aunin da ya fi cancanta ya yanke hukunci shi ne ƙarkon sinadarin a irin hasken da allon zai riƙa aiki da shi kullum.

Asalin bambancin yana cikin shimfiɗar da ke fitar da haske, wadda kaurinta a yawancin na'urori bai wuce 'yan gomman nanomita ba (nanomita kaso ɗaya ne na biliyan na mita). Daga gefe ɗaya ana tura ilektron, daga ɗaya gefen kuma ana tura gurabe masu caji akasin nasu, kuma idan suka gamu a kan molekul guda sai su samar da eksiton, wato molekul ɗin ya ɗauki ƙarin makamashi da yake buƙatar ya sauke. Saboda yadda juyin ilektron ke haɗuwa, eksiton iri biyu ne: cikin kowane huɗu ɗaya ne kawai ke zama irin da ake kira singilet, sauran ukun irin da ake kira tirifilet ne. A molekul da aka gina da kabon da haidirojin da naitirojin, singilet yana sakin haskensa nan take, cikin 'yan kaso na biliyan na daƙiƙa, amma tirifilet ba ya iya haka sai da matuƙar jinkiri, kuma kafin lokacin ya yi makamashinsa ya riga ya zama zafi. Na'urar farko mai amfani, wadda Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka bayyana a 1987, ta yi aiki da sinadarin Alq3, wanda yake da alminiyam a tsakiyarsa, sai dai alminiyam ba shi da nauyin da zai sauya wannan lissafi. Ke nan kashi 25 cikin ɗari na eksiton ne kaɗai ke amfani. Daga cikin hasken da aka samar ma, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne ke tsallake gilashi ya iso ido, sauran ya maƙale a cikin shimfiɗun na'urar, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar kashi 5 cikin ɗari a matsayin iyakar ingancin waje na fuloresens, hasken da singilet ke bayarwa; ingancin waje shi ne kason ilektron da aka tura wanda ke fitowa waje a matsayin haske.

Ƙarfe mai nauyi ne ya fasa wannan iyaka. A ƙwayar zarra irin ta iridiyam mai lamba 77 ko filatinam mai lamba 78, juyin ilektron yana cuɗanya sosai da kewayawarsa, har shingen da ke tsakanin singilet da tirifilet ya yi rauni. Sakamakon haka singilet yana rikiɗewa tirifilet cikin gaggawa, shi kuma tirifilet yana samun damar sakin haske, wanda shi ake kira fosforesens, don haka dukan eksiton huɗun suna iya amfani. Marc Baldo da Stephen Forrest na Jami'ar Princeton, tare da Mark Thompson na Jami'ar Kudancin Kaliforniya da abokan aikinsu, su ne suka nuna haka a mujallar Nature a 1998 da wani haɗin filatinam mai suna PtOEP, wanda ya ba da jan haske da ingancin waje na kusan kashi 4 cikin ɗari. Bayan shekara guda suka fito da Ir(ppy)3 mai koren haske da ya kai kashi 8, kuma a 2001 Chihaya Adachi, wanda a lokacin yake aiki tare da su, ya kai kashi 19 da wani ɗan'uwan wannan sinadari. Idan aka tuna da asarar gilashi, kashi 19 a waje na nufin kusan duk eksiton da aka samar a ciki ya zama haske.

Filatinam ne ya buɗe ƙofa, amma iridiyam ne ya mamaye kasuwa, kuma dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko shi ne saurin sakin haske. Tirifilet na PtOEP yana ɗaukar gomman kaso na miliyan na daƙiƙa kafin ya sauka, alhali na Ir(ppy)3 bai wuce kaso ɗaya ko biyu ba. Wannan bambanci yana da nauyi matuƙa idan aka ƙara wuta, domin lamarin kamar ƙofar masallaci ne ranar Juma'a: idan masu fita suna jan ƙafa, cunkoso ne ke biyo baya. Eksiton da suka taru suna jira sukan yi karo da juna ko da caji mai wucewa, sai ɗaya ya halaka ba tare da ya ba da haske ba, abin da ke sa inganci ya faɗi daidai lokacin da aka fi buƙatar haske mai ƙarfi. Dalili na biyu shi ne siffa. Iridiyam yana zama a tsakiyar mariƙai uku, wato sassan molekul da ke riƙe da ƙarfen, waɗanda suka kewaye shi ta kusurwa shida, molekul ɗin ya zama dunƙulalle, ba ya manne wa maƙwabcinsa. Filatinam kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai kusurwa huɗu, molekul ɗinsa sukan hau kan juna, kuma da zarar sun yi haka launin haskensu ya karkata zuwa ja, ya faɗaɗa, ya daina zama abin da aka tsara.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa Ir(ppy)3 zai fahimci halin wannan dangi. Ana dafa gishirin iridiyam kuloraid da mariƙin fenilfiridin a cikin ruwan etoksi-etanol da aka sirka da ruwa, a bar shi yana tafasa sa'o'i masu yawa, sai wani gari rawaya ya kwanta, wanda tagwayen ƙwayoyin iridiyam ne da kulorin ya haɗe. Daga wannan gari ake ƙara mariƙi na uku, kuma zafin da aka yi amfani da shi ne ke tantance yadda mariƙan za su jeru: a matsakaicin zafi akan samu jeri mai rauni da hasken da bai taka kara ya karya ba, a zafin da ya kai digiri 200 kuwa akan samu jerin da ake nema, mai ƙarfi da haske sosai. Idan aka narka shi, aka kore iskar oksijin daga ruwan, aka haska shi da fitilar ultrabayolet, kwalbar takan yi kore shar har ta haska hannun mai riƙe da ita. Da an buɗe murfin aka girgiza, hasken sai ya dushe, domin oksijin yana ƙwace makamashin tirifilet. Wannan yana cikin dalilan da suka sa dole a rufe allon OLED ruf daga iska da laima, kuma kafin sinadarin ya shiga masana'anta sai an tace shi ta hanyar mayar da shi tururi a bututun da aka zuƙe wa iska, sau da yawa fiye da sau ɗaya.

Wani abin da ya ƙara wa iridiyam daraja shi ne sauƙin sauya launinsa. Mariƙan ne ke tantance launi, don haka idan aka faɗaɗa zoben fenilfiridin zuwa fenil-aisokwinolin sai a samu ja, kamar Ir(piq)3, idan kuma aka ɗora ƙwayoyin fulorin a kan zoben sai launin ya matsa zuwa shuɗi. Ba a amfani da sinadarin shi kaɗai, akan barbaɗa ɗan kaɗan daga cikinsa, yawanci ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, a matsayin baƙo a cikin wani sinadari mai masauki wanda ke ɗaukar caji ya miƙa masa makamashi. Jan fosforesens ya fara shiga kasuwa a 2003 a wani ƙaramin allon waya da kamfanin Tohoku Pioneer na Japan ya ƙera, kore kuma ya biyo baya a wayoyin Samsung wajen 2013. Kamfanin Universal Display da ke Ewing a jihar New Jersey ta Amurka, wanda ya daɗe yana ɗaukar nauyin binciken Forrest da Thompson, shi ne babban mai sayar da waɗannan sinadarai da lasisinsu, kamfanin PPG kuma ke sarrafa masa su. A ja da kore, ban ga wata hujja ta fasaha da za ta sa mai ƙera allon waya ko na talabijin ya bar iridiyam a yau ba, tunda inganci da ƙarko da tsabtar launi duk sun taru a wuri guda, kuma an gwada su a miliyoyin na'urori tsawon fiye da shekara goma.

Shuɗi ne inda lissafin ya juye, kuma a nan ne ya kamata mai zaɓi ya fi natsuwa. Jan haske mai tsawon zango nanomita 620 yana ɗauke da makamashin kusan eV 2.0 (eV ma'aunin ɗan ƙaramin makamashi ne), kore mai 520 yana da kusan 2.4, shuɗi mai 460 kuwa ya kai 2.7. Bambancin kamar ƙarami ne, amma mahaɗai mafi rauni da ke riƙe da waɗannan molekul ba su wuce eV 3 zuwa 4 ba. Idan eksiton shuɗi biyu suka yi karo, ko ɗaya ya gamu da caji, makamashin yana iya taruwa a kan molekul guda ya haura eV 5, wanda ya isa ya tsinka mahaɗi. Gutsuren da ya rage ba ya tsaya ga daina ba da haske kawai, yakan zama tarko mai kama caji da kashe eksiton na kusa da shi, don haka lalacewar tana ƙara haifar da lalacewa. Binciken ƙungiyar Forrest na 2008 ya nuna cewa karon tirifilet da caji shi ne babban musabbabin wannan tsufa, kuma tunda tirifilet na fosforesens yana zaman jira kusan sau dubu fiye da singilet na fuloresens, damar yin karon ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Matsalar ba ta tsaya nan ba. Dole ne tirifilet na mai masauki ya fi na baƙo makamashi, in ba haka ba makamashin zai koma baya ya ɓace, ke nan ana buƙatar mai masauki da ya kusa eV 3, kuma irin waɗannan sinadarai su kansu ba su cika ƙarko ba, ga shi suna neman ƙarin ƙarfin wuta. Bugu da ƙari, a haɗin iridiyam mai shuɗi akwai wani hali na makamashi da ke kan ƙarfen kansa, wanda ba ya ba da haske kuma yana sassauta riƙon mariƙai, kuma ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya tura molekul zuwa gare shi. Shahararren sinadarin FIrpic, wanda aka bayyana a 2001 kuma ɗaruruwan bincike suka dogara da shi, misali ne na duk wannan: launinsa shuɗin sararin samaniya ne da bai kai zurfin da allo ke buƙata ba, kuma yakan zubar da fulorin da ɗaya daga mariƙansa a lokacin aiki. An samu ci gaba da mariƙan kabin, waɗanda ke riƙe iridiyam da ƙarfi su ture wancan mugun hali zuwa sama, haka kuma a 2014 ƙungiyar Forrest a Jami'ar Michigan ta ninka ƙarkon na'urar shuɗi sau goma ta hanyar rarraba baƙon a hankali a tsawon shimfiɗar don kada eksiton su cunkushe wuri guda. Duk da haka tazarar da ke tsakanin wannan da bukatar masana'anta ta kasance babba.

Saboda haka masana'antu suka zauna a kan fuloresens a shuɗi, kuma ban ɗauki wannan a matsayin ci baya ba. Sun gano hanyar ceto wani ɓangare na tirifilet ba tare da ƙarfe ba: a mai masauki na dangin antirasin, tirifilet biyu suna iya haɗuwa su haifi singilet guda, wanda a ƙa'ida ke ɗaga iyakar daga kashi 25 zuwa 62.5 cikin ɗari, ko da yake a aikace ba a kaiwa can. Kamfanin Idemitsu Kosan na Japan yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni. Hikimar tsarin ita ce tirifilet na antirasin yana ƙasa da eV 2, don haka ko ya daɗe yana jira ba ya ɗauke da makamashin da zai yi ɓarna. An kuma taimaka masa ta wasu hanyoyi: ɗigon shuɗi a allon waya ya fi na kore girma don a rage wutar da ke bi ta kowane sashe nasa, sannan ana musanya haidirojin da diteriyam, wato haidirojin mai nauyi, a cikin molekul domin mahaɗin ya fi wuyar tsinkewa, kamar yadda LG Display ya yi a allunan talabijin da ya fitar a 2022. Duk da wannan kariya, shuɗi ne ke fara gajiya. Wanda ya duba tsohuwar waya mai irin wannan allo a kan farin shafi zai ga farin ya ɗan karkata zuwa rawaya, wani lokaci kuma inuwar alamar batir da ta agogo ta kafe a sama ba ta gogewa. Zafi da ɗaga haske zuwa ƙarshe suna gaggauta haka, kuma duka biyun abin yau da kullum ne ga mai amfani da waya a tsakar rana a Kano ko Maraɗi.

Abin sha'awa shi ne filatinam ya dawo fagen ta ƙofar shuɗi. Maimakon mariƙai biyu daban-daban, masu bincike irin su Jian Li na Jami'ar Jihar Arizona da Chi-Ming Che na Jami'ar Hong Kong sun gina mariƙi guda mai haƙora huɗu da ke kewaye ƙarfen gaba ɗaya. Wannan ya sa molekul ɗin ya yi tauri, ba ya lanƙwasa idan ya ɗauki makamashi, haskensa ya tattaru a siririn zango, kuma ko mahaɗi ɗaya ya saki, sauran ukun suna riƙe da ƙarfen. Matsalar hawa kan juna kuma ana maganinta da ɗora manyan rassa a gefen molekul don su hana maƙwabta matsowa. A 2022 masu binciken Samsung Display sun bayyana a mujallar Nature Photonics wani haɗin filatinam mai shuɗi da ya yi sa'o'i 150 kafin haskensa ya ragu da kashi 5 cikin ɗari, daga farin haske na kandela 1000 a murabba'in mita (kandela ma'aunin ƙarfin haske ne). Wannan babban tsalle ne idan aka kwatanta da zamanin FIrpic. Shi kansa halin hawa kan junan yana da amfani a wani wuri, domin ƙungiyar Yun Chi a Taiwan ta yi amfani da shi wajen samar da hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani, a zangon nanomita 740 da ingancin waje na kashi 24 cikin ɗari. Ke nan wanda burinsa shuɗi mai siririn zango ne, ko hasken na'urorin auna jiki, filatinam ya cancanci ya sa shi gaba da iridiyam.

Dangi na uku, wato TADF, ya fito ne daga Jami'ar Kyushu, inda Adachi ya koma. A 2012 ƙungiyarsa ta bayyana 4CzIPN, molekul marar ƙarfe da aka gina da rassan kabazol huɗu masu ba da ilektron kewaye da zobe mai karɓa, an murɗe su ta yadda tazarar makamashi tsakanin singilet da tirifilet ta zama 'yar ƙarama. Ɗumin ɗaki ya isa ya ɗaga tirifilet ya koma singilet, daga nan ya fita a matsayin haske, kuma na'urar ta kai ingancin waje na kashi 19 da ɗoriya, daidai da iridiyam. Alfanun a fili yake, tunda babu ƙarfe mai tsada kuma ƙofar ƙirƙira a buɗe take. Sai dai mai zaɓi ya lura da abu biyu. TADF bai tsira daga ciwon shuɗi ba, domin tirifilet ɗinsa ma yana zaman jira na kaso na miliyan na daƙiƙa yana ɗauke da makamashi mai yawa, wani lokaci ma fiye da na iridiyam. Na biyu kuma haskensa yana da faɗi, sau da yawa nanomita 70 zuwa 100, alhali allon waya yana fitar da haske ne ta wani siririn rami tsakanin madubai biyu da ke tace launi, don haka duk abin da ya faɗa wajen zangon da ake so asara ne. Kamfanin Cynora na Jamus ya shafe shekaru yana neman shuɗin TADF na kasuwa bai kai ga fitar da shi ba, har Samsung Display ya sayi haƙƙoƙin ƙirƙirarsa a 2022.

Daga wannan gazawa ne tsarin haɗaka ya samu ƙarfi, kuma ni a nan nake ganin makomar shuɗi. Ana raba aikin biyu: sinadari ɗaya, ko na TADF ko na fosforesens, yana tattara tirifilet, sannan ya miƙa makamashin ga wani baƙo na biyu mai fuloresens wanda ke sakin haske nan take a siririn zango. Ƙungiyar Adachi ta nuna haka da TADF a 2014, kamfanin Kyulux da aka kafa a Fukuoka ya ɗauki fasahar, kuma a 2020 ta fara shiga kasuwa a wani ƙaramin allo mai launin rawaya na kamfanin WiseChip na Taiwan. Abin da ya cika tsarin shi ne molekul ɗin boron da naitirojin da Takuji Hatakeyama na Jami'ar Kwansei Gakuin ya ƙirƙiro a 2016, waɗanda ake kira DABNA, masu taurin jiki da shuɗi tsantsa, har wanda ya fito a 2019 faɗin haskensa bai kai nanomita 20 ba. Wahalar tsarin ita ce sinadarai uku ko huɗu ne a shimfiɗa guda, kowanne da ma'auninsa, kuma idan baƙo na biyu ya yi yawa sai ya riƙa kama tirifilet kai tsaye yana ɓatar da su. Akwai kuma haɗaka ta wata fuska: a watan Mayu 2025 LG Display ya sanar da allo mai hawa biyu, hawan ƙasa da shuɗin fuloresens, na sama da shuɗin fosforesens, ya ce yana rage cin wuta da kusan kashi 15 cikin ɗari. Kasancewar an bar fuloresens a hawa ɗaya ya nuna cewa har yanzu ba a sakar wa fosforesens nauyin shuɗi shi kaɗai ba.

Batun tsada yana bukatar a auna shi da kyau, domin akan zuzuta shi. Gaskiya ne iridiyam yana cikin ƙarafa mafi ƙaranci a doron ƙasa, abin da ake haƙowa a shekara bai kai tan goma ba, mafi yawansa daga yankin Bushveld na Afirka ta Kudu, kuma ba a haƙarsa don kansa, yana fitowa ne tare da filatinam, wanda ake samun kusan tan 180 nasa a shekara. Farashinsa ya haura dala 6000 a kowane oza a 2021, kuma na'urorin raba ruwa don samar da haidirojin suna neman kasonsu. Amma idan aka lissafa faɗin allon waya, da kaurin shimfiɗar, da ɗan kason baƙo a cikinta, da cewa iridiyam bai kai kashi 30 cikin ɗari na nauyin Ir(ppy)3 ba, za a tarar ƙarfen da ke cikin waya guda 'yan kaso ne na miliyan na giram. Ko da an haɗa da abin da ke ɓata a jikin bango da marufin injin turarawa, wato injin da ke mayar da sinadarin tururi ya ɗora shi a kan allo, wanda ya fi abin da ke sauka a kan allon yawa, babban kuɗin yana tafiya ne a tacewa da lasisi. Don haka arahar TADF ta fi zama hujjar kuɓuta daga dogaro da mai sayarwa guda fiye da hujjar farashin ƙarfe.

Sauran ƙarafan ba sa buƙatar dogon bayani. Osmiyam yana ba da ja mai zurfi amma ya fi iridiyam ƙaranci a kasuwa, haɗe-haɗen ruteniyam kuma galibi masu caji ne da ba sa turaruwa cikin sauƙi. Jan ƙarfe ne abin kwaɗayi saboda araha, kuma ƙungiyar Thompson ta nuna a 2019 cewa idan aka sa shi a miƙe tsakanin mariƙin kabin da na amaid yana iya mayar da kusan duk makamashin da ya sha haske, sai dai ƙarfen da mahaɗai biyu kacal ke riƙe da shi bai nuna ƙarkon da ya kai na kasuwa ba tukuna.

Wanda zai kwatanta sinadarai biyu daga rahotannin bincike ko takardun kamfani ya yi hattara da yadda ake gabatar da lambobi. Ingancin da aka fi bugawa shi ne mafi girma, wanda sau da yawa ake samu a hasken da ya yi rauni ƙwarai, alhali abin tambaya shi ne nawa ya rage a kandela 1000. Lambar ƙarko kuma ba ta da ma'ana sai an faɗi hasken da aka fara da shi da kuma inda aka tsaya, domin lokacin da haske zai ragu zuwa rabi ya ninka lokacin da zai ragu da kashi 5 sau da yawa, kuma wannan raguwa ta kashi 5 ita ce ke da muhimmanci ga allo, tunda ido yana gane bambancin ɗigo biyu maƙwabta tun kafin a kai rabi. A shuɗi dole a duba zurfin launin, wato lambar y a ma'aunin launi na CIE. Shuɗi mai y kusan 0.2 yakan fi daɗewa kuma ya fi ba da kandela, saboda makamashinsa ya fi ƙasa kuma ido ya fi jin sa, amma ma'aunin sRGB yana neman 0.06, na BT.2020 kuma 0.046, don haka kwatanta shuɗi biyu masu y daban ba tare da gyara lissafi ba yaudarar kai ce.

Ga ɗalibi ko malamin da ɗakin gwajinsa ba shi da injin turarawa ko akwatin aiki marar iska, shawarata ita ce kada ya sa burinsa a kan ƙarkon shuɗin fosforesens, domin wannan tambaya ba ta amsuwa sai da na'urori da aka ƙera cikin tsananin tsabta aka kuma kunna su ɗaruruwan sa'o'i. Molekul ɗin TADF da na boron sun fi dacewa da shi, tunda ana haɗa su da kayan da aka saba da su a kimiyyar sinadaran kabon, kuma ana iya hasashen tazarar singilet da tirifilet ɗinsu da lissafin kwamfuta kafin a sayi ko giram guda na kaya. In kuwa zuciyarsa na kan ƙarafa, jan ƙarfe ya fi iridiyam barin gurbin sabon aiki, kuma gwajin farko da zai nuna masa ko tirifilet na da hannu a hasken sinadarinsa ba ya buƙatar komai sai fitilar ultrabayolet da silindar naitirojin: ya auna hasken ruwan kafin ya kore oksijin, ya sake aunawa bayan ya kore shi.